Tafinta

A ɗakin gwaji na Samaru, bayan la'asar,
fanka na juyi kamar an tilasta mata,
na dasa 'yar ƙwaƙwalwa a kan allo,
ba ta kai farcen babban yatsana ba.
Muryarta bolt uku ne da ɗigo uku.
In ta ce eh, iyakar ƙarfinta ke nan.
In ta ce a'a, sai ta kwanta a sifili, ta yi tsit.

Tsohon injin da ke kusurwa kuwa
ya riga ni zuwa duniya, kunnensa ya yi nauyi.
Sha biyu sama yake ji, sha biyu ƙasa.
Shiru ba amsa ba ne a wurinsa:
in za ka ƙi, sai ka nutse ƙasa da sifili ka ƙi.

Malam Dogara, mai makullan ɗakin,
ya leƙo da goro a kunci:
"Asabe, raɗa kike yi wa kurma.
Nemo musu tafinta."

Na hau bas zuwa Sabon Gari.
Chibuzo ya zazzage gwangwani,
ya ba ni baƙin ƙwaro mai ƙafa takwas
da rezista huɗu a ƙullin leda,
ya ce canjina sai wani zuwan.

Na narka dalma, hayaƙi ya shiga idona.
Na ja iyaka a tsakiyar muryar ƙarama:
abin da ya haura, a cilla shi sama,
abin da ya gaza, a danna shi ƙasa.
Na kunna.
Injin ya zabura da baya,
allurarsa ta daki ƙarfe, ƙwal!
Ashe ƙafa biyu na musanya,
eh ta isa can a matsayin a'a.
Malam Dogara ya yi dariya har da tari:
"Gara kurma da tafinta mai juya zance."

Na kwance, na sake ɗaurawa.
A gilashin awo koren zare ya miƙe,
ya haye soro, ya faɗa rijiya,
ya haye, ya faɗa,
daidai da bugun 'yar ƙaramar.
Zancen nata ne, ba a ƙara masa ko wasali ba,
tsawo kawai aka ara masa
daga wayoyi biyu masu wuta.

Da magariba na iso Tudun Wada.
Baba na kan tabarma, rediyo manne da kunne,
yana faɗi da ƙarfi cewa gonar Shika
gobe za a kai mai saye ya gani.
Inna na tsince shinkafa.
Ba ta ɗago ba. Ba ta ce komai ba.
Ya ce, "To, tunda ba ki ce komai ba."

Na ajiye jakata, yatsuna na warin dalma,
na durƙusa dab da kunnensa na hagu,
wanda ya fi ji.
Na duba fuskar Inna sau biyu,
kada in sake musanya ƙafa.
Sannan na ɗaga murya:
"Baba, wannan shirun a'a ne."