Galan a Kan Rufi

Tanimu dillali ya ce in kama bakina,
in bar masa zancen, shi ya san kasuwa.
Ya ɗora tsohon galan a kan rufinta,
ya rubuta lambar waya da alli a gilashi,
muka ajiye ta bakin titin Farin Gada,
tsakanin mai lemo da mai facin taya.

Shekara goma sha bakwai tana hannuna.
Wurin wasu masu awon ƙasa na saye ta,
da suka gama aiki a Bukuru za su koma gida.
Ni aikina allurar shanu,
duk inda ruga ta sauka, nan ne ofishina.

Ranar Asabar mai saye ya iso daga Abuja,
yaro mai farin takalmi.
Ya shafa jikinta da yatsa, ya duba yatsan.
Ya ce kilomita nawa ta ci?
Na ce agogon ya tsaya tun a hawan Gembu,
daga nan gwiwata ke riƙe da lissafi.
Tanimu ya taka min ƙafa.

To bari in faɗa, tunda ba bin ta zan yi ba.
Giya ta biyu tana son lallashi da asuba,
sanyin Jos bai bar ƙarfe ba balle mutum.
Ƙofar baya sai ka ɗaga kafin ka ja.
Lotsewar nan ta hagu, bijimin Arɗo Juli ne,
ya ƙi allura, mota ta biya.

Amma sa mata giyar ƙarfi,
ka ji ƙafa huɗu sun kama ƙasa.
A rafin bayan Bokkos, tsakiyar Agusta,
ruwa ya kai fitila, na gama salati,
ita ko tari ba ta yi ba.
Ta fid da ni, ta koma ta jawo motar dankali
da maza tara suka kwana turawa.

Leƙa ciki, malam, cire takalmin.
Ga gado, ga risho, ga tanki mai lita tamanin.
Solar da ke sama Davou bakanike ya haɗa,
bai karɓi ko sisi ba, sai nono ƙwarya guda.
Labulen kuwa Kande ta ɗinka
da ragowar atamfar sunan 'yarmu.
Na ce ban da shi a ciniki,
na sake tunani, na ce bar shi, taga ba ta zama tsirara.

A wannan gado na ji kukan kura a gindin dutsen Wase,
na sha shayi ina kallon hazo yana sauka Shere
kamar garken da ba shi da makiyayi.

Yaro ya ce me ya sa zan sayar?
Likita ya haska idona, ya girgiza kai,
ya ce hanyar dare ta ƙare, ta rana ma saura kaɗan.
Rumasa'u kuma tana ajin ƙarshe a jami'a,
takarda ba ta jiran damina.

Ya taya, Tanimu ya ce albarka.
Ya ƙara, Tanimu ya dube ni.
Ni ina kallon tayar gaba
inda jar lakar bara ta ƙi fita.
Bakina ya ce na sallama,
ban san lokacin da na ba shi izini ba.

Na ce kar ka bar ta a inuwar gareji tana tsatsa.
Ka kai ta inda kwalta ta ƙare,
can take gane sunanta.
Ya yi dariya, ya ɗauki hoto, ya murɗa makulli,
giya ta biyu ta yi masa gardama,
na juya baya don kar in sa baki.

Tanimu ya ƙirga la'adarsa, ya sauke galan.
Na tari keke zuwa Unguwar Rogo, na zauna a baya.
Da muka zo hawa,
sai na ji ƙafata ta hagu
tana neman kulochi a ƙasa.