Tazara

A ɗakin gwaji na Samaru
Tasalla ta jera ƙananan motoci shida kan siririn dogo,
ba direba, ba yaron mota,
sai ido guda a goshin kowace.

Ta gaba ta sassauta,
ta baya ta gani, ta ja numfashi.
Taƙi biyu tsakani. Ba ƙari, ba ragi.

Babanta shekara ashirin yana jan bas,
Sabon Gari zuwa Samaru.
Ranar da tirela ta taka birki a Kwangila
yana manne da bayanta.

Ƙarfe tara aka ɗauke wuta.
Motocin suka tsaya cak,
ba wadda ta taɓa 'yar'uwarta.
Cikin duhu ta buɗe tafin hannu,
tana laluben ratar,
tana sake aunawa.