Gudumar Herminia

Yau na tarar da gudumarki a aljihun farar rigata,
'yar mitsitsiya, robar bakinta ta tsage,
ƙotarta ta koɗe daidai mazaunin yatsunki.
Na tsaya a barandar asibiti,
Valparaíso na gangarawa teku gida-gida,
ja, shuɗi, ruwan ɗorawa,
jiragen ruwa na kuka a tasha kamar ba a yi rashi ba.

Herminia Quilodrán,
'yar mai gyaran agogo daga tudun Barón,
kin ce a shagon mahaifinki kika fara likitanci:
kafin a kwance bayan agogo
sai an kara shi a kunne tukuna.

Ranar farko mu goma sha ɗaya muka zo,
kai cike da sunayen jijiyoyi,
muna taƙama kamar mu muka ƙera ƙwaƙwalwa.
Ba ki kai mu ɗakin jinya ba.
A gindin matakala kika zaunar da mu,
kika ce, "Ku rufe ido. Wa ke saukowa?"
Taku, ja. Taku, ja.
"Ƙafar hagu ce," in ji ki, "kuma ba jiya ta fara ba."

Evaristo ne, masunci, da warin kifi a hularsa.
Kika karɓi takalminsa, kika kife,
kika nuna mana gefen da ƙasa ta cinye.
"Ga hoton farko nan. Na na'ura ya jira."

Ba ki da sauƙi. Ba zan yi miki ƙaryar makoki ba.
Kin sa ni kuka a bayan ƙofar ɗakin magani
ranar da na ce, "farfaɗiyar gado na bakwai."
"Gado ba ya farfaɗiya.
Sunanta Clorinda,
'ya'yanta uku, da keken ɗinkin da ba ta gama biya ba.
Koma ki gaishe ta."
Na koma. Har yau komawa nake.

Daren da ƙasa ta yi girgiza, wuta ta ɗauke,
kwalabe na zubowa, bango na tsagewa,
na hango ki durƙushe, tocila a hannu,
kina leƙa ƙwayar idon wani yaro
kamar mai neman wata a cikin rijiya.
Da asuba ya kira uwarsa.
Ke kuwa kika nemi shayi, kika yi faɗa ba sukari.

Shekara talatin da takwas, alli a gefen hannun riga,
kina zana laka a allo da hannu biyu lokaci guda.
Sai wata Talata allin ya faɗi.
Hannun daman ya kama rawa shi kaɗai,
babban yatsa na murza abin da babu.
Duk muka sunkuyar da kai.
Kika ɗora shi a kan tebur, a gaban 'yan shekarar fari,
"Kada ku ji kunyarsa. Ku faɗa mini abin da kuka gani."
Wanzami, an ce, ba ya son jarfa.
Ke kin miƙa wuya, kin mai da ciwonki darasi.

Da takunki ya gajarce, muryarki ta shige ciki,
sai kika koma koyarwa da ido.
Gira ɗaya in ta ɗaga, mun san mun yi gaggawa.

An binne ki a kan tudu, inda iska ke zuwa da gishiri.
Evaristo ya hau duk matakalar nan da sandarsa,
taku, ja, taku, ja,
mu likitoci muna biye, ba wanda ya wuce shi.

Gobe sababbi goma sha huɗu za su zo mini.
Na riga na sa an share gindin matakala.