Abin da Tsatsa Ta Ajiye

A garejinmu na Gdynia, bayan gida,
inda iskar teku ke shigowa da gishirinta ba sallama,
duk abin ƙarfe ja yake yi kafin shekara ta zagayo.
Kakana Bogumil ya ce tsatsa haƙuri gare ta:
ba ta sauri, ba ta barci,
ba ta san Lahadi ba.

Shekara talatin da ɗaya ya yi a maƙerar jiragen ruwa
rungume da tiyo mai aman yashi,
yana feɗe jikin jirgi kamar mai feɗe sa.
Yashi a kunne, yashi a burodi,
yashi a gado tsakaninsa da matarsa.
Wanda ya shiga huhu bai fito ba har yau.
Shi ne ke magana da asuba
kafin kakana ya ce uffan.

Ni kuwa na ci bashin banki
na sayo leza.
Akwati ce mai taya, da bindiga a bakin waya.
Ya zagaya ta sau biyu, ya ƙwanƙwasa da sanda:
"Kuɗin mota kika ba da, Jagoda,
kika sayo tocila."

Muka sa tabarau masu duhu, muka kulle kyanwa a waje.
Na fara da tsohuwar anga.
Zaren haske ya sauka yana zuza kamar rina,
tsatsa ta tashi hayaƙi, fanka ta shanye.
Rabin sa'a, faɗin tafin hannu biyu.
Ya yi dariya har tari ya karɓe ta.
"Da tiyona ne, da tuni mun sha shayi.
Kuma shafa nan, santsi!
Fenti kaushi yake so, ya sami abin riƙo.
Yashi kan bar wa ƙarfe haƙora."
Ban musa ba. Gaskiya ce.
Yashin nan shi ya sa mini takalmin makaranta.

Sai ya nuna lungu da haɓa,
wajen babur ɗin da ba ya bari a taɓa.
Tankinsa ya yi laushi kamar busasshen ganye.
"Wannan na hana wa yashi," in ji shi.
"Huda shi zai yi. Ba ya tambaya,
mai laifi da marar laifi duka yake ci."

Na rage ƙarfi. Na bi a hankali
kamar mai cire ƙaya a ƙafar yaro.
Ja ya koma baƙi, baƙi ya koma toka,
sai ga wani layi da ba na tsatsa ba,
sai na biyu,
karce ne na ƙusa, hannun da bai iya rubutu a ƙarfe ba:
Halszka.
Ƙarƙashinsa kibiya, tana nuna kujerar baya.

Na saki kunamar. Gareji ya yi tsit.
Ban taɓa sanin kakata ta hau babur ba;
ni da sanda na san ta, da mayafin coci.

Ya cire tabarau, ya sa babban yatsa
a kan harafin farko, ƙarfe da sauran ɗumi.
Ya daɗe.
Can wani jirgi ya yi kuka a mashiga.

"Angar dai," ya ce, bai dube ni ba,
"gobe ki kai wa Wojtal ya fesa mata yashi.
Kada ki ɓata wuta a banza."
Ya ja kujera kusa, ya mayar da tabarau.
"Ɗaya gefen fa?
Ina jin ni ma na rubuta wani abu."