Bayanki ga Hanya

A Tromsø, wata guda ke nan rana ba ta leƙo mu ba,
ƙarfe biyun rana kamar sulusin dare.
Na ɗauki jikata Eldrid,
muka haura gada zuwa shagon Sunniva.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina tuƙa bas
kan ƙanƙara mai santsin bayan faranti,
ban taɓa kwantar da kowa a rami ba.
Da wannan taƙamar a aljihu na shiga.

"Shekararta uku da rabi," na ce, "ba mu ta manya."
Sunniva ko kallona ba ta yi ba.
Ta durƙusa ta cire wa yarinya takalmi,
ta ɗora ta kan sikeli kamar kifin safe:
kilo goma sha huɗu, har da safa.
Ta jingina ta da bango, ta ja layi da fensir.
"Kujera ba ta san ranar haihuwa ba, Halvard.
Nauyi ta sani, da tsawo,
da inda kafaɗa ta tsaya."

Eldrid ta ƙyalla ido ta hango ja,
mai kallon gaba, mai gurbin kofi,
irin ta yayanta Sindre ɗan shekara bakwai.
Ta rungume. Ta tubure. Shago ya ɗauka.

Ni ma jar nake so, in don ta ni ne.
Ga ma ta maƙwabcina a gareji, kyauta,
sau ɗaya tak, in ji shi, mota ta daki shinge da ita.
"Tsagar da ido bai gani ba," in ji Sunniva,
"ita ke buɗe baki ranar da ake son ta yi gum."

Sai ta kama hannuna ta ɗora a ƙeyar yarinyar.
Wuya siriri kamar lawashi,
yana ɗauke da kai kamar kabewa.
In birki ya ci, gaba kan zai tafi, wuya ya biya bashi.
In ta ba hanya baya, kujera ce za ta tare shi
yadda tafin hannu ke tare ƙwai.

Na yi tsit.
Na tuno Torunn, uwarta, tana ƙarama,
tsaye tsakanin kujerun tsohuwar motata,
tana waƙa a kunnena, ba bel, ba komai.
Ashe ba gwanintata ce ta kawo ta gida ba.
Sa'a ce.
Ita kuwa sa'a ba a gadonta.

Muka sayi mai ruwan toka.
A waje sanyi na cizon yatsu,
amma na tuɓe mata jibgegiyar rigar nan,
don maɗauri ya kama jiki, ba auduga ba.
Na ja, na ja, har na kasa tsunkule shi,
sannan na lulluɓa bargo daga sama.

Ta cika ta yi fam har bakin gada.
Can sai na ji: "Kaka! Fitilu suna bin mu!"
Ta shiga ƙirga su, tana tsallake bakwai.

Ni ina kallon inda za mu,
ita tana gadin inda muka baro.
Gaba ba ta gudu, Eldrid,
za ki kalle ta har ki gaji.
Yau dai bar mini ita.