Awon Laraba

Shekara talatin ina rataya buhu a ƙugiya,
albasa ta faɗi nauyinta, ni in faɗa wa mai ita.
Sikeli ba ya jin kunya, ba ya cin goron kowa.
Da aka ce a hallara a meri ranar Laraba,
wai za a kawo wa Tawa aiki,
na wanke hannu, na tafi da idon awo.

Baƙon ya zo da ruwan shansa a gora.
Ya haska bango, sai ga masana'anta tsaye,
bututu uku, da ciyawa shar
irin wadda Adar ba ta taɓa mafarki ba.
Ya ce: mutum ɗari takwas.
Ɗaki ya yi tsit, sai kukan fanka.
Arzika a gefena ya shiga lanƙwasa yatsu,
yana ƙirga ɗiyansa masu tura baro a Abijan.

Na ɗora wannan a tafin dama. Wallahi da nauyi.
Na san tasha bayan girbi,
yadda mota ke haɗiye samari ta bar mana ƙura da tsofaffi.
Na san Illo nawa, ya tafi gemu bai tsiro ba,
yau muryarsa kaɗai ke zuwa, daren Juma'a.
Ɗansa in ya ga waya sai ya ce Baba.

Wani babba ya miƙe yana tallanmu:
fili arha, rana kyauta,
haraji a yafe har shekara goma,
hannuwa kuwa, in ji shi, namu ba su da tsada.
Na juya nawa, na duba kanta da tsagar igiya.
Ban san ranar da aka yi musu kuɗi ba.

Tsahara mai lambu ta ɗaga yatsa daga baya:
"Ita wannan abar, me take sha?"
Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba.
Rijiyarta gaba goma sha biyu bara,
bana sai da ta ƙulla ɗankwali a bakin igiya.
Baƙon ya buɗe takarda, ya rufe,
ya ce za a yi nazari.
Nazari bai taɓa cika guga ba.

To, tafin hagu:
ruwan Tsahara,
kuɗin haya da zai ji ƙamshin albashi ya tashi tsaye,
layin asibiti da ya riga ya kai bakin titi,
iskar asuba da nake shaƙa ban biya ba,
da inuwar nan ta bayan kasuwa
inda shayi ke kai mu la'asar ba mai duba agogo.
Wa zai rataya inuwa a ƙugiya?
Amma wa ya taɓa cin inuwa ya ƙoshi?

Da aka ba ni magana, ban iya ta masu takarda ba.
Na ce: a sana'armu ana cire nauyin buhu.
Cikin ɗari takwas, nawa ne namu,
nawa ne ƴan kwana uku a sallama?
Kuma ɗanyar albasa ba a yi mata awon ƙarshe.
A zuba ta a rudu, ta sha iska wata biyu,
abin da ya rage, shi ne kaya.
Wasu suka tafa. Arzika ya harare ni,
kuma ban ga laifinsa ba.

Ba Juma'a ba ce, amma da dare waya ta yi ƙara.
Labari ya riga ni isa teku.
"Baba, gaskiya ne? In haɗa kaya?"
Uwarsa ta daina tankaɗe.
Jikana ya miƙo hannu yana son ya taɓa ubansa.

Ni da ban taɓa faɗin nauyi ba
sai allura ta tsaya cak,
na riƙe wayar, ina jin numfashinsa,
allura tana rawa, tana rawa,
har kuɗin kiran suka ƙare.