Dare Uku a Ɓataccen Kogi

Mujittafa ne ya shigo da shi ran Laraba,
cikin baƙar leda, daga Fam Santa.
Ya ce, "Kawu, sabo ne dal, ko mako bai rufa ba."
Na ce ni mai auna yadi ne a Kwari,
me ya haɗa kifi da kaska?
Ya jona wa talabijin,
ya danƙa min wani abu mai ƙaho biyu a hannu,
ya fice kallon ƙwallo.

Da farko aka ce in zaɓi fuska.
Na daɗe ina rage hanci, ina ƙara goshi,
sai da na gama na ga Yaya Sabi'u na ƙera,
har da giɓin haƙorinsa.
Bana shekararsa shida a maƙabartar Ɗandolo.
Ban canza ba.
Na ba shi takalmi mai kyau.

Wai wata ƙasa ce aka sace wa kogi,
wani dodo ya naɗe shi kamar bandir
ya saɓa a kafaɗa ya haye dutse.
Kwale-kwale na kife a kan yashi,
kifaye na yawo a sama suna neman gida.
Wannan kam ya burge ni.
Na tsaya ina kallonsu har shayina ya huce.

Amma mutanen garin ba su da ta ido,
ni ma sun koya min.
Ka faɗa ɗakin tsohuwa ba sallama,
ka fasa mata tulu, ka kwashe kuɗin ciki,
tana tsaye tana maka fatan alheri!
A gida na uku na kasa,
na ce "Salamu alaikum" da ƙarfi.
Suwaiba ta amsa daga uwar ɗaki.

Kasuwarsu kuwa, Allah ya sawwaƙe.
Takobi ɗari biyar, ɗari biyar ɗin ce.
Ba tayi, ba "albarka", ba "ƙara dai",
ba a tambayar iyali.
Wanda ya tsara wannan bai taɓa cin kasuwa ba.

Daren Alhamis kunama mai girman a-kori-kura
ta kashe Sabi'u sau tara.
Sau tara yana tashi a gindin wata fitila,
ya karkaɗe riga, ya kama hanya.
A na farko na yi dariya.
A na tara na ajiye abin a tabarma,
na fita tsakar gida na ɗan sha iska.

Taswirar duhu ce, sai inda ƙafarka ta taka ke haske.
Haka Yakasai ta yi min ina ɗan shekara goma,
lungu na haifar lungu,
shi ne a gaba, ni ina riƙe da gefen rigarsa.
Yanzu ni ke tura shi da babban yatsa.

Jiya na kai bakin dutsen,
har ina jin kukan ruwa ta bayan wata ƙofar tagulla,
sai aka ɗauke wuta.
Ɗif.
Janaretan Alhaji Ɗanjummai ya tashi ta katanga,
ni kuwa ga fuskata a baƙin gilashi,
baki buɗe, da furfura.
Mujittafa ya ce da na adana tafiyar.
Wa ya gaya min ana adana tafiya?

Ya tambaye ni, "To Kawu, ya ka gan shi?"
Na ce tukuna, ba a yabon ɗan kuturu.
Tafiyar ta yi yawa, maganar ta yi yawa,
dokin ba ya jin linzami.

Da safen nan dai, a cikin adaidaita,
cunkoso ya riƙe mu a Ƙofar Mata,
wani ɗan garuwa ya gifta da kurarsa, jarkoki na yoyo,
na bi layin ruwan da ido har kwana,
yatsana na motsi a kan gwiwa.